Ci Uku Ba Mutuwa Ba Ne: Labarin Isma'ila Mabo Na Jos

Mai karatu, sau nawa ƙungiyar garinku za ta kai wasan ƙarshe a doke ta kafin ka rantse ba ka ƙara zuwa fili? Sau biyu? Sau uku? To, mutanen Jos sau goma suka sha wannan ɗaci. Daga 1951 zuwa 1974, ƙungiyar garin, da farko da sunan Filato, daga baya da sunan Mighty Jets, ta kai wasan ƙarshe na Kofin Ƙalubale har sau goma, kofin da a wancan zamani babu kamarsa a duk Najeriya. Shida daga ciki ma a jere suka zo, daga 1962 zuwa 1967. Ko sau ɗaya kofin bai kwana a Jos ba. Wasu suka ce sammu ne, wasu suka ce baki ne, masu tawakkali suka ce rabo ne bai rantse ba. A cikin wannan gari, a kuma cikin wannan dogon jira, mutumin da zan ba ka labarinsa ya girma.

Sunansa Isma'ila Mabo. An haife shi a Jos ranar 15 ga Yuli, 1944, lokacin da kasuwar kuza take ci. Kamfanonin Turawa masu haƙar ma'adinai sun jawo jama'a daga kowace kusurwa, Hausawa da Ibo da Yarabawa, ga kuma 'yan ƙasa Birom da Anaguta da Jarawa. Iyaye kowa da yarensa da addininsa, amma 'ya'yansu a fili ɗaya suke haɗuwa da la'asar, kuma da Hausa ake zagin duk wanda ya ɓarar da ƙwallo. Ga sanyin dutse: garin yana bisa tudun da ya kai mita 1,200, yaro zai yini yana gudu rana ba ta gasa shi ba. Shi ya sa har gobe Jos ba ta daina fitar da 'yan tamaula ba. Segun Odegbami a can ya tashi, Mikel Obi da Ahmed Musa a can aka haife su. Amma kafin duk waɗannan, akwai wasu samari huɗu.

Ba a Barewa suka yi karatu ba, ba kuma a King's College ta Legas ba. Wata ƙaramar makarantar koyon harkar kasuwanci ce a Jos mai suna Academy Institute of Commerce, irin wadda uba kan kai ɗansa don ya iya buga tafireta da riƙe littafin kuɗi, ya samu aikin akawu ya rufa wa gida asiri. A nan Allah ya haɗa Mabo da Tony Igwe da Peter Anieke da Sam Garba Okoye. Dubi sunan na ƙarshen nan da kyau, Garba a tsakiya, Okoye a ƙarshe, Jos ɗin wancan zamani ke nan. Mabo ɗan baya ne, an san shi da natsuwa da iya tsara abokan wasansa, har 'yan kallo suka laƙaba masa Fil Mashal. Wa zai ce daga ajin tafireta za a fitar da waɗanda za su kunyata Gana?

A 1966 aka tattaro ɗaliban makarantu daga sassan ƙasar, aka haɗa tawagar da ake kira Academicals, aka tura su Akra su kara da takwarorinsu. Ka san mece ce Gana a lokacin? Ita ta ci kofin Afirka a 1963, ta sake ci a 1965. A 1955 manyanmu sun je Akra, aka yi musu bakwai da nema. Zuwa Gana wasa a wancan zamani zuwa ne karɓar bulala. Sai ga yaran nan, da 'yan Jos a tsakiyarsu, sun ci Gana ɗaya da nema a gaban jama'arta. Abin da manya suka daɗe suna nema, 'yan makaranta suka kawo shi gida.

Yanzu ga wani abu, ka ajiye shi a aljihu don za mu neme shi an jima. A gasar Olamfik ta 1968 a Meziko, Igwe da Anieke da Sam Garba suna cikin tawagar Najeriya da ta haɗu da Birazil. Kafin a tafi hutun rabin lokaci Najeriya ta zura uku, Kenneth Olayombo biyu, Anieke ɗaya, Birazil ba ko ɗaya. Aka dawo daga hutu, Birazil ta farke su tas, aka tashi uku da uku. Abokan Mabo ne aka yi wa wannan, ba a littafi ya karanta ba. Ka riƙe lambar nan: uku.

A 1970 Alhaji Isiyaku Ibrahim ya kafa Mighty Jets, Mabo ya zama kyaftin ɗinta. A watan Nuwamban wannan shekara ya fara buga wa babbar tawagar ƙasa, a Barazabil, a wasan neman gurbin kofin Afirka da Kwango. Da aka ƙirƙiro gasar lig ta ƙasa a 1972, Jets ce ta fara ɗaukar ta, kuma wannan suna babu mai goge shi daga littafi. Amma ka tambayi tsofaffin Jos, za su gaya maka lig ba ita ce ta hana su barci ba. Kofin Ƙalubale suke so. A wannan shekarar kuwa sai ga su sun sake kaiwa wasan ƙarshe.

Filin Onikan, Legas, 1972. Abokiyar karawa Bendel Insurance ta Benin. Bendel ta ci ɗaya, ta ƙara na biyu, lokaci yana ta tafiya, har saura 'yan mintoci. Da kai ne ka zo tun daga Jos, ka kwana a hanya, ka kashe kuɗin mota, me za ka yi? Na san amsar: za ka fara laluben ƙofa kafin cunkoso. Wanda ya fita a wannan lokaci ya yi asarar abin da aka shekara hamsin ana labari. Sam Garba ya karɓi ƙwallo ya jefa ta raga. Kafin 'yan Bendel su gama kallon juna, ya ƙara ta biyu. Biyu da biyu. Filin ya kaure.

Aka ce a sake wasa, a wannan karon a filin Liberty na Badun. To, ai ka ce wanda ya tashi daga biyu da nema a mintocin ƙarshe, Allah ya riga ya rubuta masa kofin. Ina! Bendel ta ci uku da biyu. Bayan shekara biyu, a 1974, Jets ta sake kaiwa, Rangers ta Inugu ta yi mata biyu da nema. Na goma ke nan. A 1978 Sam Garba ya rasu a hatsarin mota. Tony Igwe tuni ya haye Amurka karatu a Jami'ar San Faransisko, daga baya ya zama kocin wata ƙaramar kwaleji mai suna Chabot a Kalifoniya. Mabo bai je ko'ina ba. Ya rataye takalminsa, ya ɗauki usur, ya ci gaba da horar da yara a garin da aka haife shi.

Da a nan labarin ya tsaya, da mun ce Allah ya saka da alheri mu wuce. Ƙasar nan cike take da irinsu, tsofaffin 'yan wasa masu ilimin abin, suna tsaye a bakin fili da yamma, ba albashin kirki, ba mai tuna su sai ranar ta'aziyya. Hukumar ƙwallon ƙasa kuwa, a shekarun 1990, in dai maganar Super Eagles ce, idonta a waje yake: Westerhof, Bonfrere, Troussier, Milutinovic, Libregts. Ɗan gida sai a ba shi abin da manya ba sa rububi. Abin da ya faɗo hannun Mabo shi ne tawagar mata, Super Falcons.

Tsaya ka duba abin da aka miƙa masa. A Afirka dai Falcons ba su da sa'a, amma da zarar sun tsallaka teku sai labari ya canza. A gasar kofin duniya ta farko, a Sin a 1991, wasa uku suka buga, aka cinye su duka, ba su zura ko ɗaya ba, kuma Bonfrere ne kocinsu, wanda daga baya ya ciyo zinaren Olamfik da maza. A ta 1995 a Suwidin, Nowe ta yi musu takwas da nema. Wasa shida a gasa biyu: an doke su biyar, kunnen doki ɗaya, an zura musu 21. Ga kuma ɗaya ɓangaren, wanda ni da kai muka fi kowa sani. Dattijo ne ɗan Arewa, Musulmi, ya haura hamsin, daga yankin da uba ba ya ko son jin an ce 'yarsa tana buga ƙwallo. 'Yan wasan kusan duk daga ƙungiyoyin Kudu suke, su Pelican Stars ta Kalaba, Ufuoma Babes ta Warri, Jegede Babes ta Legas. Da kai ne, mai karatu, za ka karɓa? Me za ka ce wa 'yan majalisarku in sun fara tsokana bayan sallar isha'i?

Shi dai ya karɓa. A watan Oktoban 1998 Najeriya ta karɓi baƙuncin gasar mata ta Afirka a Kaduna da Abekuta. Maroko ta sha takwas, Kwango ta Kinshasa shida, Masar shida, Kamaru shida, Gana ta sha biyu a wasan ƙarshe. Ƙwallo 28, ba a zura musu ko ɗaya ba. Mutumin da garinsa ya je wasan ƙarshe fiye da sau goma ya dawo hannu rabbana, yau ga kofi a hannunsa. Amma kowa ya san wannan ba ita ce jarrabawar ba.

Shekarar 1999 ta zo da hidima iri-iri. A watan Afrilu Najeriya ta shirya gasar duniya ta matasa 'yan ƙasa da shekara 20, aka kashe kuɗi, aka gyara filaye, sannan Mali ta kori yaranmu da ci uku da ɗaya a Inugu. Ranar 29 ga Mayu soja suka miƙa mulki ga Obasanjo. A cikin wannan hayaniya, wa yake da lokacin wasu 'yan mata da wani dattijo daga Jos da suka hau jirgi zuwa Amurka?

Ranar 20 ga Yuni, a filin Rose Bowl na Kalifoniya, suka haɗu da Koriya ta Arewa. Mercy Akide ta ci, Koriya ta farke, Rita Nwadike ta ƙara saura minti goma sha ɗaya. Nasarar farko ke nan da Najeriya ta taɓa samu a gasar kofin duniya ta mata. A cikin waɗanda Mabo ya sa a fili ranar har da Ifeanyi Chiejine, yarinya 'yar shekara 16 da wata ɗaya, wadda ta riƙe kambun mafi ƙarancin shekaru a tarihin gasar har zuwa 2023. Murna ta yi murna. Sai dai kwana huɗu kawai ta yi.

Shikago, 24 ga Yuni, filin Soldier Field, mutum fiye da 65,000, kusan dukkansu sun zo ne su ga Mia Hamm da 'yan uwanta. Minti biyu da farawa Nkiru Okosieme ta jefa ƙwallo a ragar Amurka. Filin ya yi tsit. Kusan minti goma sha bakwai Najeriya tana gaban masu masaukin baƙi. A minti na 19 yarinyar nan Ifeanyi ta ci gida bisa kuskure. Minti na 20, Hamm. Minti na 23, Milbrett. Kafin a tafi hutu an zura shida. Aka tashi bakwai da ɗaya, duniya tana kallo a talabijin.

To, ga tambayar da ta raba koci da mai riƙe usur kawai. Kana da kwana uku kafin wasa na gaba. Kana da 'yan mata ashirin a otal, a ƙasar da ba tasu ba, ɗaya daga ciki ƙaramar yarinya ce da ta ci gidanta a gaban dubban mutane. Yawan ƙwallon da aka zura muku ya sa Koriya, wadda kuka doke, ta hau kanku a teburi. Me za ka yi? Za ka tara su ka wanke su tas? Za ka fara rubuta rahoton da zai ɗora laifi a kan hukuma? Da yawa cikinmu tikitin komawa gida za mu fara tambaya.

Abokiyar karawar kuma Danmak ce, kuma sunan nan kaɗai ya isa ya tayar wa ɗan Najeriya da tsohon miki. Ranar 28 ga Yuni, 1998, a Faransa, Danmak ce ta yi wa Super Eagles huɗu da ɗaya, alhali mu a gida mun riga mun fara lissafin yadda za mu yi da Birazil a zagaye na gaba. Shekara guda cif, ba kwana ɗaya, ranar 27 ga Yuni, 1999, 'yan matan Mabo suka fito a Landoba, kusa da Washinton. Akide ta ci a minti na 25, Okosieme ta rufe a minti na 81. Biyu da nema. Waɗanda aka yi wa bakwai kwana uku da suka wuce, ko ɗaya ba su bari ta shiga ba. Amurka ta doke Koriya, Najeriya ta haye zuwa cikin takwas na ƙarshe, karon farko ga kowace ƙasar Afirka a gasar mata. Wa ke jiran su a can? Ciro abin nan da na ce ka sa a aljihu.

Birazil ce. Ranar 1 ga Yuli, a wannan fili dai na Landoba. Wasa biyu aka haɗa a dare ɗaya. Na farko Amurka da Jamus, har Shugaba Bill Clinton ya zo kallo. Namu ne na biyu, kuma a lokacin da aka busa usur, a Najeriya dare ya raba, yawancin mutane suna barci. Birazil ɗin nan ta yi wa Meziko bakwai da ɗaya a rukuninta, tana kuma da Sissi, mai lamba goma, mai askakken kai, wadda ta gama gasar da ƙwallo bakwai.

Minti na 4, Cidinha. Minti na 22, Cidinha kuma. Minti na 35, Nene. Uku da nema, ko hutu ba a je ba. Duk wanda ya ga abin da ya faru a Shikago ya san inda aka dosa: shida, ko bakwai, ko abin da ya fi.

Zauna a bencin nan, mai karatu, ka ɗan ji yadda yake. Hanyoyi biyu ne a gabanka. Ta farko, ka ja kowa baya, ka toshe gida, a tashi uku ko huɗu, ka koma Legas ka ce ai mun kai inda ba a taɓa kaiwa ba, kuma babu mai zarginka. Ta biyu, ka buɗe, ka tura yara gaba, ka san sarai in ta ƙi, abin da zai biyo baya sai ya fi na Shikago muni, kuma sunanka ne zai ɗauki kunyar. Tsakaninka da Allah, wacce za ka bi?

Mabo ya yi abin da koci ba ya son yi. Ya cire mai tsaron gidansa ta farko, Ann Chiejine, wadda take tsare ragar Najeriya tun gasar 1991, ya sa Judith Chime. Cire gola ana tsakiyar wasa ba ƙaramin abu ba ne. Canji uku kacal doka ta ba ka, ka ƙona ɗaya a kan wadda ba za ta ci maka ƙwallo ba, kuma ka taɓa zuciyar babbar 'yar wasa a gaban duniya. In sabuwar ta sha uku ita ma, da wane baki za ka yi bayani? Aka dawo daga hutu, sai aka ga Falcons sun tattaro sun hau kan Birazil.

Minti goma sha takwas suna bugawa ƙofa ba ta buɗe ba. A minti na 63 Prisca Emeafu ta zura ta farko. Ba wanda ya damu, ai ta share hawaye ce. A minti na 72 Okosieme ta ƙara, ita dai wadda ta ci Amurka ta ci Danmak. Yanzu fa 'yan Birazil suka fara waiwayen agogo. Ƙafafun da suke rawa da ƙwallo a farkon wasa suka koma dukan ta ko'ina ta faɗa. Minti na 85, Nkechi Egbe ta samu ƙwallo a gaban raga, ta narka ta. Uku da uku.

Ko a wannan lokaci Mabo ya tuna da Anieke da Igwe a Meziko? Ko Sam Garba ya faɗo masa a rai, da yammacin nan na Onikan? Shekara 31 bayan Birazil ta farke wa abokansa uku, ga shi ya farke mata uku. Shekara uku kafin wannan dare kuma, a ƙasar Amurkan nan dai, a gasar Olamfik, maza sun tashi daga uku da ɗaya, Kanu ya ci Birazil huɗu da uku a ƙarin lokaci. Duk wanda yake farke a Najeriya a wannan dare ya ce tarihi ne zai maimaita kansa. Ya kuwa maimaita, sai dai ba ta inda aka zata ba.

Minti biyu bayan farkewar, Patience Avre ta karɓi katin gargaɗi na biyu, aka kore ta. Saura mutum goma, bayan sun ƙarar da ƙarfinsu wajen hawa dutsen nan. Aka shiga ƙarin lokaci, kuma dokar wancan zamani ba ta da tausayi: wanda ya fara ci, wasa ya ƙare nan take. Suka riƙe minti goma sha huɗu. A minti na 104 aka ba Birazil bugun tazara a wajen da'ira. Sissi ta ajiye ƙwallo, ta ja baya, ta lanƙwasa ta da ƙafar hagu. Chime, wadda tun shigowarta ba a ci ta ba, ta bi ta ba ta same ta ba. Huɗu da uku. Wannan ce ƙwallon zinare ta farko a tarihin gasar kofin duniya ta mata, kuma a kan ɗan Jos ta faɗa.

Ka ga irin rabon bawan Allahn nan? A 1972, yana kyaftin, an tashi daga biyu da nema, aka ƙare a uku da biyu. A 1999, yana koci, an tashi daga uku da nema, aka ƙare a huɗu da uku. Kullum sai ya kai bakin gaɓa. Abin dariya kuma abin tausayi, kafin shekarar 1999 ɗin ta fita, Plateau United ta doke Iwuanyanwu Nationale ɗaya da nema ta kawo Kofin Ƙalubale Jos, bayan shekara 48 ana jira. Ita kuwa Sissi, da ta daina wasa, Kalifoniya ta koma, ta zama kociyar wata ƙaramar kwaleji, Las Positas, wadda hukuma ɗaya ke kula da ita da Chabot ɗin Tony Igwe. Duniya ba ta da faɗi.

Masu son rage wa mutum daraja za su ce ai a 1999 ƙasashe 16 ne kawai a gasar, da ka fita daga rukuni ka shiga cikin takwas. Gaskiya ne, ba a musu. Amma a 2003, da 2007, da 2011 ma ƙasashe 16 ne, Najeriya ta je duka, ba ta fita daga rukuni ba ko sau ɗaya. Su kuma Super Eagles, da duk kuɗin da aka zuba musu da Turawan da aka ɗauko, zagayen 'yan 16 ne iyakarsu a gasar kofin duniya, a 1994 da 1998 da 2014. A ganina, wanda aka yi wa bakwai ya tashi ya ci wasa na gaba, aka yi masa uku ya farke, ba yawan ƙasashe ne ya taimake shi ba.

Sauran aikinsa da Falcons bai rasa daɗi da ɗaci ba. Sakamakon 1999 ne ya ba su tikitin Olamfik ta Sidni a 2000, inda Sin da Nowe da Amurka kowacce ta yi musu uku da ɗaya. A ƙarshen shekarar suka riƙe kofin Afirka a Afirka ta Kudu, a wasan ƙarshen da ba a ma gama ba, don 'yan kallon gida sun fara jifa bayan Najeriya ta ci na biyu. A 2004 aka sake kiran sa ya kai su Olamfik ta Girka. Suka doke Japan ɗaya da nema, suka kai cikin takwas na ƙarshe, suka haɗu da Jamus mai riƙe da kofin duniya. Akide ta ci a farkon zagaye na biyu, Najeriya tana gaba har saura kwata. Ka riga ka san yadda labarin Mabo yake ƙarewa: Jamus ta ci biyu cikin minti biyar.

'Yan matan nan kuwa ba su ɓace ba. Mercy Akide da kyaftin Florence Omagbemi sun samu gurbin karatu a kwalejin Milligan ta Amurka bayan gasar. Akide ce mace ta farko da aka naɗa gwarzuwar 'yar ƙwallon Afirka, a 2001. Omagbemi ta dawo ta zauna a kan bencin da malaminta ya zauna, ta ci kofin Afirka a matsayin kociya a 2016.

Isma'ila Mabo ya rasu a Jos ranar 13 ga Maris, 2023, yana da shekara 78. Bayan wata biyar, a Ostareliya, Falcons suka zo dab da kamo shi. Kocinsu Ba'amurke ne, Randy Waldrum, wanda a lokaci guda yake horar da 'yan matan Jami'ar Pittsburgh. Sun doke masu masaukin baƙi uku da biyu, suka riƙe Ingila minti 120 babu ci, sannan suka faɗi a bugun fanareti a zagayen 'yan 16. Ke nan har zuwa wannan gasa, babu wata tawagar mata daga Afirka da ta sake taka inda tsohon ɗalibin makarantar kasuwancin nan ta Jos ya kai tasa a 1999. Allah ya jiƙan Fil Mashal, ya kyautata makwancinsa.